Ina ya kamata in ajiye struct ɗina, a fayil ɗin .h ko a .c?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu rubuta manhaja. Don Allah a ɗora ni a hanya.

Ina rubuta 'yar ƙaramar manhaja da harshen C, wadda za ta riƙe lissafin bashi a shagon hatsin Yayana da ke Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Struct biyu gare ni (wato tsarin da ke haɗa bayanai masu alaƙa wuri guda), na mai saye da na bashi. Kowane bashi yana nuna mai shi, shi kuma mai saye yana riƙe da jerin basussukansa.

Da na zuba cikakken bayaninsu a fayilolin .h (inda ake sanar da abubuwa don sauran fayiloli su gani), kowanne yana kiran ɗan'uwansa da #include, sai gcc, mai fassara wa kwamfuta rubutun C, ya ce bai san ɗayan ba, alhali na sa #ifndef a saman kowanne don kada a shigo da fayil sau biyu. Sai na kwashe bayanin na kai .c (inda ake rubuta ainihin aikin), na bar suna kawai a .h. Nan kuma main.c, fayil ɗin da manhajar ke farawa, ya kasa taɓa abin da ke ciki, sizeof ma, mai auna girman struct, ya ƙi, wai nau'in bai cika ba.

Gaskiya hankalina ya fi kwanciya da ɓoyewar, domin kuɗin mutane ne, ba na son wani sashe ya canza adadin bashi kai tsaye. To amma ke nan duk abin da zan karanta sai na rubuta masa aikinsa daban, kuma kowane struct sai da malloc, mai ware masa wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta? Ko in ɓoye na bashi kaɗai, in bar na mai saye a .h? In haka ne, yaya zan raba wannan kiran juna da suke yi?

Wanda ya saba, ya taimaka mini da ɗan misali. Allah ya saka da alheri.