Samarin Holand da suka sa kakin Hitila: yaudararsu aka yi?

Malam Auwalu: Assalamu alaikum. Jiya na sa hoton wata tsohuwar fasta, wato takardar bango ta kiran 'yan Holand su shiga sojan Hitila, a wani zaure, nan take mai kula da zauren ya goge, wai ina tallar Hitila. Ko tambayata bai yi ba, abin ya ci mini rai. To na kawo maganar nan inda nake kyautata zaton akwai masu karatu. Jamus ta afka wa Holand ranar 10 ga Mayu 1940, ta yi wa Rotadam ruwan bama-bamai ranar 14, washegari sojan ƙasar suka miƙa wuya. Duk da haka 'yan Holand tsakanin 22,000 da 25,000 suka shiga rundunar Waffen-SS, wato ɓangaren yaƙi na ƙungiyar SS ta 'yan Nazin Hitila, a ƙasar da mutanenta kusan miliyan 9 ne kacal. Fastar nan soja ne da hular kwano, an yi rubutu da harshensu ana kiransu su tashi don mutuncinsu da lamirinsu su yaƙi kwaminisanci. Babu inda aka ce zo ka bauta wa Jamus. Da Hitila ya shiga Tarayyar Sobiyat ranar 22 ga Yuni 1941, sai aka kafa runduna da sunan Holand, aka liƙa wa sojanta tsohuwar tutar ƙasar, ruwan lemo da fari da shuɗi, a hannun riga, aka sa tsohon babban hafsan sojan ƙasar, Janar Seyffardt, a gaba. Magana ta ita ce: ɗan mamaya da tutarka da dattijonka yake kiranka, ba da nasa ba. Da haka aka yaudari yaran nan. Wannan ne tallar Hitila?

Hajiya Mariya: Wa alaikumus salam. Malam Auwalu, ka janye kalmar yaudara. Wanda ya ga hayaƙin Rotadam da idonsa, wa zai yaudare shi? A watan Fabrairu 1941 direbobin tarago da ma'aikatan Amsadam suka shiga yajin aiki saboda kamen Yahudawa. Su ba su ga fastocin ba ne? Bango ɗaya suke wucewa.

Abban Khalifa: Hajiya, a yi sassauci. Yaro ɗan shekara 18, ya tashi cikin talaucin shekarun 1930, uba ba aiki, aka ce ga albashi, ga takalmi, ga abinci, za a kula da gidanku. Daga Mayu 1943 ma dole aka sa maza 'yan shekara 18 zuwa 35 su kai kansu don aikin tilas a masana'antun Jamus. In ba yaudara ba ce, me za ki kira ta?

Hajiya Mariya: Ciniki. An faɗa masa farashi, ya sallama.

Barista Nura: Hajiya ta fi ku gaskiya, kuma shekarun ma sun ƙaryata ku. An fara ɗibar 'yan Holand cikin rundunar Westland ta Waffen-SS tun 1940. A lokacin Hitila da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, suna kan yarjejeniyarsu ta Agusta 1939, babu yaƙi tsakaninsu. Wane kwaminisanci waɗancan suka je yaƙa? Kuma da yawansu 'yan NSB ne, jam'iyyar 'yan Nazin Holand ta Anton Mussert, wadda aka kafa tun 1931. Sun san gidan da suka shiga.

Malam Auwalu: Barista, ni ba wanke su nake yi ba. Kan yadda aka tsara kiran nake magana. Ku koma kan fastar mana.

Abban Khalifa: To shi Seyffardt fa? Ya ɗauka rundunar Holand ce ƙarƙashin hafsoshin Holand. Da aka kai su horo, Jamusawa suka karɓe ragama, aka rantsar da su da sunan Hitila, aka tura su bakin daga kusa da Leningrad cikin ƙanƙara. Janar guda aka yi wa haka, balle yaro. In an yi maka alkawarin abu aka ba ka wani, ai sunansa yaudara, ko a kotunku.

Barista Nura: A kotu wanda aka yaudara ya je fashi, hukuncin fashi ake yi masa. Seyffardt ɗin da kake tausayi, 'yan gwagwarmayar ƙasarsa ne suka harbe shi a ƙofar gidansa a Hague a Fabrairu 1943. Su ba su ɗauke shi wanda aka yaudara ba.

Sadiya: Yaya Abba, ni fa abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yahudawan Holand kusan 140,000 ne, sama da 100,000 aka kashe. SS ce ke tafiyar da sansanonin da aka kashe su a ciki. Kana ta lissafin takalmi da albashi, ba ka ambaci waɗannan ko sau ɗaya ba.

Abban Khalifa: Ƙanwata, kada ki ɗora mini abin da ban faɗa ba. Kuma tunda haka ne, kakanninmu da Ingila ta kwasa zuwa Boma (Burma) a yaƙin duniya na biyu fa? Su ma ɗan mamaya suka yi wa yaƙi. Ta hannun sarakuna aka nemi mutane, Gaskiya Ta Fi Kwabo tana kawo labarin yaƙi daga Zariya. Maciya amana ne su ma?

Baba Sajan: Kai yaro, tsaya nan. Mahaifina yana cikin runduna ta 82 da ta yi yaƙi a Boma. Ya dawo da zazzaɓin da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah, duk damina sai ya kwanta yana rawar sanyi cikin bargo biyu. Shi za ka jera da SS? Wallahi ban yafe ba sai ka goge.

Abban Khalifa: Allah ya huci zuciyarka, Baba, Allah ya jiƙansa. Ban ce ɗaya suke ba, tambaya na yi.

Baba Sajan: Tambayar ce zagin.

Ɗan Maraɗi: Baba ya yi haƙuri, amma mu namu Faransa ta kwasa, kuma ba fasta aka nuna musu ba, mai gari aka ce ya kawo mutum kaza. Ku na Ingila kullum kuna ganin naku mulkin mallakar ya fi sauƙi.

Barista Nura: Wa ya ce ya fi sauƙi? Kai kowace magana sai ka juya ta kan Faransa.

Ɗan Maraɗi: Saboda ba a kanku ta zauna ba, Barista.

Hajiya Mariya: Ku bar Faransa. Har yanzu Malam Auwalu bai janye kalmarsa ba.

Malam Auwalu: Ba zan janye ba, Hajiya. Mutum yana iya zama wanda aka yaudara kuma mai laifi lokaci guda. Ikon Allah, har yanzu babu wanda ya ce uffan kan tutar da aka liƙa musu.

Malam Kabiru (mai kula da zaure): Jama'a, ya isa, zan rufe sharhi. Abin da muhawarar ta tabbatar shi ne babu wata yaudara. Hajiya da Barista sun kawo shekaru, ɗaya ɓangaren tausayi kawai suka kawo. Holand ɗin ma ai ta yanke: bayan yaƙi an ɗaure waɗanda suka dawo, an ƙwace wa da dama takardar zama ɗan ƙasa, an harbe Mussert a Mayu 1946. Mu ne za mu fi su sanin 'ya'yansu? Abban Khalifa ya nemi gafarar Baba Sajan a fili kafin magariba, in ba haka ba a cire shi. Ɗan Maraɗi, wannan gargaɗi ne na ƙarshe kan Faransa.

Abban Khalifa: Malam Kabiru, ai ni ma na kawo shekara, 1943, da zancen rantsuwa da na hafsoshi. Ina ka kai su? Baba kam na ba shi haƙuri tun ɗazu, zan sake. Amma wannan ba alƙalanci ba ne, Hajiya yayarka ce, kowa ya sani.