Shawarwarin da aka ba malamin tarihi kan wariyar launin fata a makarantun Amurka

Wani malami ne ya kawo tambayar ɗalibinsa: tunda gwamnati ce ta raba baƙaƙe da farare a makarantun Amurka, ba gara ta tsame hannunta daga ilimi ba, kamar yadda masu aƙidar 'yancin ɗaiɗaiku ke cewa?

Yawancinmu da muka ba shi shawara mun ce ya fara da amincewa da abin da ke gaskiya a ciki. Doka ce ta kafa wariyar, Kotun Ƙoli ta sa mata albarka a 1896, sai a 1954 ta haramta ta a makarantun gwamnati. Ko a Little Rock a 1957, gwamnan Arkansas ne ya sa dakaru su tare wa ɗalibai baƙaƙe tara ƙofar makaranta.

Amma an fi daɗewa ana magana kan Gundumar Prince Edward ta Virginia, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Daga 1959 zuwa 1964 an rufe makarantun gwamnati ruf don gudun haɗa yara. 'Ya'yan farare suka koma makarantar kuɗi, har aka tallafa musu da kuɗin haraji. Yaro baƙi mai shekara shida kuwa yana iya kaiwa sha ɗaya bai zauna a aji ba. Wannan yana ci mini rai.

Wata malama ta ja kunne kada a yi wa Milton Friedman, masanin tattalin arziki mai waccan aƙida, ƙage: a 1955 ya kawo shawarar gwamnati ta ba iyaye takardar biyan kuɗin makarantar da suka zaɓa, kuma ya ƙi wariyar tilas, sai dai ya ƙi haɗawar tilas ma. Ta ce a karanta wa ɗalibin matsayin Friedman duka biyun.