Neman shawara: in ajiye koyarwa in mayar da jawabi kan sabuwar fasaha sana'ata?

Mai tambaya, Asawase, Kumasi:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar sakandare, a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke nan Kumasi kuma na yi karatu. Tun da ChatGPT, manhajar da ke amsa tambayoyi kamar mutum, ta fito a ƙarshen 2022 ake gayyata ta tarukan matasa da na iyayen yara, in yi bayani a kan ƙirƙirarriyar basira da irin karatun da zai kai yaro ga samun aiki. Wannan hidima ta kwanta mini a rai har ina tunanin ajiye koyarwa domin ta zama sana'ata, sai dai yawancin masu gayyata kuɗin mota kawai suke bayarwa, mahaifina kuma bai amince ba. Ina roƙon ku ba ni shawara.

Ma'aikacin kamfanin sadarwa, Madina, Accra:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka ajiye aikin tukuna. Masu biyan kuɗi na kirki kamfanoni ne da bankuna da ƙungiyoyi masu zaman kansu, yawancinsu a nan Accra, kuma horas da ma'aikatansu suka fi biya wa, ba jawabin rabin awa ba. Kafin su kira ka sai sun tambayi abin da ka taɓa yi da hannunka. Dubi Patrick Awuah, wanda ya yi aiki a Microsoft sannan ya kafa jami'ar Ashesi a 2002, ko Regina Honu, wadda ta kafa cibiyar Soronko ta koya wa 'yan mata rubuta manhaja, har da na unguwar Nima da ke nan Accra. Aikinsu ne ya sa ake ba su lasifika. Kai kuwa ajinka shi ne shaidarka, domin kullum kana ganin inda ɗalibi yake amfana da manhajoji irin su ChatGPT da inda yake kwafo amsa ba tare da ya fahimta ba. Ranar da ka bar ajin, abin da ka karanta a intanet kaɗai zai rage maka, shi kuwa kowa na iya karanta shi.

Wata uwa, Aboabo, Kumasi:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 yaranmu da yawa suna kammalawa, amma sai ka ga yarinya zaune a gida da waya a hannu, uwarta ba ta san kwas ɗin da za ta zaɓar mata ba. Na halarci wani taro inda mai jawabin ya yi Turanci daga farko har ƙarshe, mata muka tashi ba mu ƙaru da komai ba. Idan za ka yi, ka yi mana da Hausa a Zango, ka faɗa mana abin da za a koya, da inda ake koyar da shi, da sidi nawa zai ci.

Malamin Islamiyya, Nima:
Magana a gaban jama'a amana ce. Kada ka ce wa matashi kwas na wata uku zai sa ya fara karɓar dala, kada kuma ka tsorata iyaye cewa na'ura za ta cinye dukkan ayyuka. Game da mahaifinka, ka gayyace shi taro ɗaya ya ji da kunnensa.

Mai shirya taruka, Sabon Zango, Accra:
Na yarda da yayanmu na Madina, amma ina ganin ka daina yin shiru a kan kuɗi. Ga masallaci da ƙungiyar unguwa ka yi don Allah, ga kamfani kuwa ka faɗi farashinka a rubuce kafin ranar taro. Ka riƙa ɗaukar bidiyon jawabanka, domin shi mu masu gayyata muke fara nema. Sannan ka kawo misalai na gida: Google ya buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Accra a 2019, a shekarar kuma jiragen kamfanin Zipline marasa matuƙi suka fara kai magani da jini asibitocin Ghana. Ka nemi masu irin waɗannan ayyuka ka tambaye su ƙwarewar da suke nema wajen ɗaukar ma'aikaci.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ci gaba da koyarwa, in keɓe Asabar da lokacin hutu domin taruka. Hajiya, idan matan Aboabo za su samar da wuri, a shirye nake in zo.