Ghost moth da abin da ke tsirowa a kan tsutsarsa: wa zai raɗa musu suna?

Jama'a dan Allah ku taimaka, ina haɗa wa ɗalibai darasi a kan ƙwari na maƙale a wurin da Turawa ke cewa ghost moth. Dangi ne guda na faɗa-wuta, masana suna kiransu Hepialidae, kala wajen ɗari bakwai a duniya. Wanda ya jawo musu sunan na Turai ne, Hepialus humuli, namijin fari tas, da magariba sai su taru suna lilo a iska dab da saman ciyawa suna jiran mata, wanda ya hango daga nesa sai ya rantse fatalwa ce. Babban ba ya cin komai ma, bakinsa ba ya aiki, 'yan kwanaki ne ya mutu, rayuwar duk tana wurin tsutsar da ke ƙasa tana cin saiwa. Me za mu ce masa?

— Malam ai asu ne, a ce asun fatalwa a wuce wurin.

— A'a Yaya, asu kaya yake ci a cikin akwati, wannan ko tsumma bai taɓa gani ba. Faɗa-wuta dai shi ne sunan da ya game su.

— Ni fatalwar ce ba ta kwanta min ba, tsoron Bature ne aka ɗora mana. Mu abin da muka sani da wannan lokacin shi ne a kora yara cikin gida. Tunda rawarsa ta magariba ce a ce faɗa-wutar magariba mana.

Hajiya wlh kin burge ni, amma matsala ɗaya, ɗalibi in ya je bincike a intanet da fatalwa zai ci karo, gara sunan ya riƙe masa hannu. Na rubuta faɗa-wuta fatalwa, naki na sa shi a matsayin inkiya.

To ga babbar rigimar. A tsaunukan Tibet da Nepal da Bhutan, sama da mita 3,000, akwai reshen dangin nan mai suna Thitarodes, wata irin fumfuna Ophiocordyceps sinensis tana shiga jikin tsutsarsu ta zauna shiru, a hankali ta cinye cikin ta bar fatar kamar buhun da aka ɗura wa wani abu daban, tsutsar ta mutu kusa da saman ƙasa kanta na kallon sama, ƙanƙara na narkewa sai wani tsinke mai duhu ya huda kan ya leƙo waje. Shi mutane ke rarrafe suna nema a watan Mayu da Yuni, da ciki suke jan jiki don ba ya ganuwa cikin ciyawa. Masu maganin gargajiya a Sin suna sayensa da tsada, mai kyansa har ya taɓa fin zinare. A da sunansa Cordyceps sinensis, a 2007 aka sauya masa gida zuwa Ophiocordyceps.

— 'Yan Tibet yartsa gunbu suke cewa, ciyawar damina tsutsar hunturu kenan, a ɗauko hakan kawai.

Yana da daɗi a baki gsky, amma ba ciyawa ba ce, in na koyar da haka gobe yaro ya rubuta min tsiro ne a jarrabawa.

— To laimar kwaɗin tsutsa?

Ina laimar take? Tsinke ne fa, ba shi da hula.

— Malam ni a gona na tashi, abin da ya hau jikin wani yana shan ruwansa kauci muke ce masa. Kaucin tsutsa.

Baba ka kawo ta. Na san wani zai ce kauci ma tsiro ne, kuma kauci yakan daɗe a kan bishiya tana raye, wannan kuwa sai ya kashe mai gidan yake fitowa, amma duk Bahaushen da ya ji kaucin tsutsa ya gane waye ke cin wani ba sai an yi masa bayani ba. A darasin zan ƙara layi ɗaya cewa dangin fumfuna ne. Sunan zai ɗauki har na New Zealand, wanda Maori, 'yan asalin ƙasar, ke kira awheto, a da suna ƙona shi su yi baƙin da suke zane a jiki da shi.

— Mu dai a gidanmu ƙahon tsutsa za mu ce, tunda ta ka yake fitowa.

Ku ce abinku Hajiya, na riga na tura wa mai buga takardu.