Abin da aka tsayar kan barci, gishiri da motsa jiki

A tattaunawar da aka yi kan kula da lafiya, ga inda baki ya zo ɗaya:

1. Barci awa 7 zuwa 8. A ajiye waya bayan Isha'i, don haskenta yana korar barci.
2. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, wato gram 5. Dunƙulen Maggi ma gishiri ne, nan mutane ke zamewa. A rage shi, a ƙara daddawa.
3. Tafiyar ƙafa da sauri, minti 30, kwana biyar a mako.

An rabu kan goro da shayi. Wasu sun ce a tsaya daga La'asar, wasu sun ce ba sa hana su barci. Ƙailula kuwa, mafi yawa sun ce kada ta wuce minti 30, in ta zarce barcin dare ya gagara.