Mi za mu ce ma "spam" da Hausa? Kahin Alhamis don Allah

Ƴar Rediyo, Tawa: Salamu alaikum malamai. Alhamis da marece ina da shiri kan saƙonnin da ke cika akwatin imel ba a nema ba: talla, "ka ci miliyan goma", da ire-irensu. Baƙona da Faransanci za shi yi magana, ni ce mai maida shi Hausa kai tsaye. In ya ce spam, in ce mi?

Ɗan Ader: Saƙon banza. An gama.

Mai Fassara, Yamai: Ba a gama ba. Barkwancin da ƙanenka ke turo maka ma saƙon banza ne, amma ka san shi. Spam abu biyu ke sa shi: ba ka nema ba, kuma jama'a da yawa aka watsa wa lokaci guda. Wanda ake cewa shi ne na farko, a 1978 wani ɗan tallan kamfanin kwamfuta na DEC ya aika wa mutum wajen 400 ta ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ta riga intanet. Talla ce ba zamba ba, don haka kar wani ya kawo mana 419.

Tsohon Mushe: SHARSAƘO. Shara da saƙo. Haka mutanen Kebek, masu Faransanci na Kanada, sunka haɗa poubelle (kwandon shara) da courriel (imel) sunka samu pourriel. Shekara ukku ina hwaɗin ta.

Ɗan Ader: Shekara ukku, kai kaɗai, Mushe. Hausa ba ta yanke wutsiyar kalma ta liƙa ma wata. Gidan waya muke cewa, jirgin sama. Ka ce sharsaƙo cikin kasuwar Tawa, a ɗauka maganin majina kake talla.

Hajiya Babba: Ƴan gayyar soɗi ne. Ba a kira su ba, ga su kan tabarma.

Bakano a Yamai: Mu dai spam kawai muke cewa, kowa ya gane. Me ya sa kuke wahalar da kanku?

Tsohon Mushe: To, sai Kano ta sa hannu kenan? Ka ko san asalinta? Sunan naman alade ne na gwangwani da aka hwara saidawa a Amurka a 1937. Shi za mu zuba ma masu saurare?

Bakano a Yamai: Mai cewa lakwal da ordinatar ne zai koya mana tsarkin harshe?

Tsohon Mushe: Kwamfuta kuma daga Daura ta hito?

Ƴar Rediyo, Tawa: Baba Mushe, a yi haƙuri, Talata ce yau. Saƙon shara hwa?

Mai Fassara, Yamai: Ƙanwata, zai rikice da kwandon shara, inda abin da kika goge ke zuwa. Akwatin spam dabam ne, matatar imel ce ke jefa saƙo ciki da kanta, kuma tana kuskure. Takardar kiran aikin ɗiyar yayata can ta kwana goma, sai da ranar ta wuce muka gan ta. Gmail ma bayan kwana 30 yake share abin da ke ciki. Ni "tarkacen saƙo" da "akwatin tarkace" zan ce, don cikin tarkace akan tsinci abin kirki.

Ƴar Rediyo, Tawa: Na ɗauki tarkace. Ta Hajiya kuma da ita za ni buɗe shirin.

Tsohon Mushe: Tarkace jam'i ne. Guda ɗaya hwa, ku ce mishi mi?

Ɗan Ader: Ba ya zuwa shi kaɗai, Mushe.