Shawarwari kan garkuwar jiki daga wata tattaunawa a Zariya

Ma'aikatan lafiyar da suka yi magana sun fi daɗewa kan masu sikila. Saifarsu kan lalace tun suna ƙanana, alhali ita ke tace ƙwayoyin cuta daga jini. Don haka zazzaɓinsu ba na jira ba ne: a kai su asibiti ranar, a kuma cika musu rigakafi.

Mai ɗauke da HIV, ƙwayoyin CD4, wato ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, cutar ke kashewa. In suka gaza 200 a gwajin jini, tarin fuka ya ƙara samun ƙofa. Kada a tsallake magani.

Abin da ya fi damuna shi ne mata masu sayen dexamethasone a kemis don su yi ƙiba. Yana danne garkuwar jiki, kuma barinsa farat ɗaya haɗari ne. Wadda ta daɗe tana sha ta ga likita, ya rage mata a hankali.